Ranar da Yaya Ya Kifar da Akwatunan Zumarsa

Masu cewa yayana mutum ne mai sanyin hali ba su zauna gida ɗaya da shi ba. Ni na zauna. Ni ce autar ɗakinmu, ni na riƙe masa gida bayan rasuwar matarsa, ni ce kuma mai tafasa masa almakashi da allurar ɗinki a ɗan asibitinsa. Duk garin Likita suke ce masa, ni ina ce masa Yaya, shi kuma har na yi furfura bai daina ce mini Auta ba. Saboda haka in na ce yana da zuciya, a bar ni in faɗi abin da na sani. Sai dai tasa zuciyar ba ta tashi a inda ta mutane ke tashi. Ka zage shi ta uwa ta uba, murmushi zai yi ya tambaye ka ko ka ci abinci. Amma ka ɗauki dutse ka jefi ƙadangare a gabansa, ranar za ka gane shayi ruwa ne.

Tun yana yaro haka yake. Babanmu ya taɓa ɗana tarkon ƙarfe saboda wani biri da ya addabi gonarmu, tarkon ya cafke birin a ƙafa. Yaya ya je ya ɓanɓare bakin tarkon da hannu. Ladan da birin ya ba shi cizo ne a babban yatsa har ƙashi. Ladan da Baba ya ba shi kuwa bulala ce, ya zane shi sai da rigarsa ta manne da jini a baya. Da Inna ke gasa masa bayan da ruwan zafi, abin da ya tambaye ta shi ne ko birin zai iya hawa bishiya da wannan ƙafar. Inna ta ce, "Wannan ɗa, ko waliyyi ko mahaukaci." Har ta koma ga Allah ba ta tantance ba, ni ma ban tantance ba.

Garinmu ƙarami ne, amma babbar hanya ta raba shi biyu, kasuwa a dama, kasuwa a hagu, manyan motoci suna ratsawa ta tsakiya ba sa ko rage gudu. Don haka rabin aikin Yaya jini ne. Na ga an kawo mai babur ƙashin cinyarsa ya fasa wando ya leƙo. Na ga an kawo wa da ƙani da suka sari juna da adda a kan iyakar gona, ɗaya kafaɗa a buɗe, ɗaya yatsunsa biyu a cikin leda. Yaya ya kwantar da su gado da gado, yana ɗinki yana yi musu tatas, sannan ya ba su kwanon fitsari ɗaya ya ce su yi ta miƙa wa juna har su warke.

Asibitin ba wani abin a zo a gani ba ne. Baranda mai benci biyu, ɗakin duba marasa lafiya, ɗakin ɗinki mai teburin ƙarfe, sai ɗakin kwanciya. Abin kallon yana baya. Daga baranda wata siririyar hanya ta bi gefen ginin ta shiga lambu, duk wanda ke tsaye a bakin get yana hango farkonta. A can Yaya ya shuka mangwaro da gwaiba da lemo, da wasu itatuwa da ban san sunansu ba, waɗanda yake tsinto 'ya'yansu a daji ya cika aljihun farar rigarsa, ni kuma in sha wanki. A can majinyatansa marasa godiya suke: shirwa mai karyayyen fiffike, kunkurun da mota ta taka ya ɗaure masa ƙoƙon baya da filasta, da wata bushiya da na tarar ta yi ɗaki a bahon wankina. Ƙarƙashin babban mangwaro akwai bencin katako. Gaba da shi kaɗan kuma akwatunan zumarsa ne, a jere a kan ƙafafun ƙarfe.

Ni da ƙudan zuman nan ba ma ga maciji. Sun taɓa harbina a leɓe na kwana ina magana kamar mai cin gyaɗa, ban bar shi ya huta ba sai da ya sa wa kowace taga raga. Shi kuwa haka yake shiga cikinsu ba hula ba safar hannu, yana yi musu hira kamar 'ya'yan da bai haifa ba. Da zumarsu yake wanke ƙuna da gyambon da ya ƙi jin magani. In na fara masifa sai ya ce, "Auta, ba su da mugunta. Duk wanda ya harbe ki mutuwa yake yi. Kin taɓa ganin mugun da ke biyan muguntarsa da ransa?"

Na ce, "To su mutu can, ba a leɓena ba."

Sau ɗaya na ga ya ɗaga hannu ya mari mutum. Mai facin bakin hanya ne, ya kama mujiya ya kafe fikafikanta da ƙusa a jikin allon shagonsa tana da rai, wai ita ke kore masa ciniki. Yaya ya jingine kekensa, ya zare ƙusoshin da filayar mai facin, sannan ya juyo ya ɗauke shi da mari sai da hularsa ta faɗa cikin bahon gwada taya. Ba a jima ba wata taya ta fashe ta karya wa mai facin ƙafa. Yaya ne ya ɗora ta, ya yi ta zuwa gidansa dubiya har ya taka. Mai facin ya manta ɗorin, amma bai manta marin ba.

Yanzu ga abin da nake so a riƙe, don shi ne ya ci mu.

Matar Yaya a wurin haihuwa ta rasu, ita da abin da ke cikinta, a wani babban asibiti a birni, lokacin yana ɗalibi. Yana zaune a baranda cikin jama'a sai wani ma'aikaci ya leƙo da abinci a bakinsa ya ƙwala kira, "Ina mai matar gadon ƙarshe? Ta cika, a zo a ɗauka." Haka ya ji mutuwarta. Bai ƙara aure ba, kuma ya yi rantsuwa shi ba zai taɓa faɗa wa ɗan Adam mutuwar wani nasa a tsaye cikin mutane ba. In rai ya yi halinsa a hannunsa, sai ya wanke hannu, ya fito, ya kama wuyan hannun wanda ya fi kusa da mamacin, ya bi da shi siririyar hanyar nan zuwa bencin da ke ƙarƙashin mangwaro. Ya zaunar da shi, ya zauna a gefensa, ya jira numfashinsa ya daidaita, sannan ya faɗa masa. Kuma ba ya tashi sai mai makokin ya tashi, ko da baranda ta cika ta batse da masu jira. Shekara da shekaru yana haka, har garin ya haddace. In aka ce an ja wane lambu, ba sai an ƙara bayani ba. Tsofaffin mata in suna addu'a har cewa suke, "Allah ya nisanta mu da lambun Likita."

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, rana ta take tsaka, zafi kamar ana gasa mutum. Wata tifa cike da yashi ta gangaro, birki ya ƙwace wa direban. Ya kauce wa motar haya cike da mutane, sai ya yi kan gefen hanya, inda 'yar Dogo mahauci ke tsallakowa da kwanon abincin babanta a ka. Yarinya ce da ko haƙoran gaba ba ta gama mayarwa ba. Dogo kuwa maƙwabcinmu ne, mutum mai tsawo da ƙarancin magana, kuma ita kaɗai Allah ya bar masa.

Da direban gudu ya yi, da ya sha. Sai ya tsaya, ya diro, ya sungumi yarinyar ya tambayi ina asibiti. Amsar da ya samu gora ce a ƙeya. Haka ya taho da ita a ƙirjinsa yana gudu, ana binsa ana jibga, wani da sanda, wani da dutse, wani da ƙarfen auna hatsi, bai sake ta ba. Ina shanya zannuwan gado na ga ya faɗo ta get. Fatar kansa ta tsage ta rufo goshi, kunnensa na hagu yana lilo da ɗan siririn nama, jininsa da nata sun haɗu ba a bambancewa. Ya durƙusa ya miƙa wa Yaya ita ya ce, "Likita, ita tukuna."

Yaya ya karɓe ta ya daka mini tsawa in rufe get. 'Yan sandan garin biyu suka iso suna haki suka tsaya a baki, suka ce sun kira a ƙaro musu mutane daga birni, amma sai an jira. Kafin ka ce kwabo kasuwa ta tashi ta dawo ƙofarmu. Mutane a kan katanga, mutane a kan rufin shagon da ke kallonmu, mutane sun maƙale a sandunan get. Abu ɗaya ne ya riƙe su: yarinyar tana ciki, kuma ana sa ran tana da rai. Muddin Likita na aiki a kanta, ba wanda zai fasa masa ƙofa.

Ba ta da rai. Tun kafin a ɗora ta a tebur na gani, shi ma ya gani. Duk da haka ya yi ta danna ƙirjinta, ya yi ta hura mata iska, har gumi ya jiƙe shi. Da ya daina, ya ja zane ya rufe ta, ya tafi wurin famfo ya fara wanke hannu. Na sha gabansa.

"Yaya, kada ka fita. Kana fita za su kashe bawan Allahn nan."

Direban yana zaune a ƙasa a lungun ɗakin, ya dafe kunnensa da auduga, yana kallon zanen da aka rufe ta da shi.

Yaya ya ce, "Ubanta fa, Auta? Yana can a rana yana jira."

"Ya jira! Ka ce masa ana aiki. Ka yi ƙarya sau ɗaya a rayuwarka, ba za ka mutu ba."

Ya rufe famfo, ya ce to. Ya ce zai sa a shigo da Dogo baranda ya zauna a inuwa, ya ce masa ana kan ƙoƙari, har motar birni ta iso. Wallahi da wannan niyyar ya fita, ina bayansa na ji da kunnena ya ce wa ɗan sanda a buɗe ƙaramar ƙofa a shigo da uban yarinya shi kaɗai.

Dogo ya shigo da rigar aikinsa, jinin shanu ya bushe a gabanta. Ya tsaya a gaban Yaya, ya sunkuyo don ya ga idonsa, ya ce, "Likita, ta farfaɗo?"

Na ga bakin Yaya ya buɗe zai faɗi abin da muka shirya. Bakin ne ya yarda da ƙarya, hannun bai yarda ba. Kafin kalma ta fito, hannun nan ya miƙe da kansa ya kama wuyan hannun Dogo, ƙafafunsa suka juya suka nufi siririyar hanya. Hali zanen dutse. Bai ma san ya yi ba sai da suka yi 'yan taku.

Gaba ɗaya hayaniyar waje ta ɗauke, kamar an kashe rediyo. Sai wata mata a kan katanga ta kurma ihu: "Lambu! Ya ja shi lambu! Ta mutu!"

Ban taɓa jin ƙara irin wadda ta biyo baya ba. Get ɗin ƙarfe ya lanƙwashe ya faɗo ciki da mutane a kansa, aka tattake 'yan sandan kamar tabarma. Na ruga ɗakin ɗinki na banko ƙofa na sa sakata. Ni da direban muka sauke gawar yarinyar a hankali muka kwantar a ƙasa, muka tura teburin ƙarfe muka tokare ƙofar. A waje ana farfasa benci, ana zubar da kwalaben magani, ana kiran a fito da shi. Wani abu mai nauyi ya fara dukan ƙofar, kowane duka sai ƙusoshin sakata sun motsa. Bakin adda ya faso katakon ya shigo dab da fuskata, ya koma, ya sake shigowa. Sai na ji warin fetur yana malalowa ta ƙarƙashin ƙofa, na kuma ji muryar da na sani, ta mai faci, yana cewa, "Ku ba ni hanya, ga taya! Wa ke da ashana?"

Direban ya ce, "Baiwar Allah, buɗe musu. Kada su ƙone ki da ni."

Na ce, "Rufe mini baki! Da kunne ɗaya ma ba ka ji?" Tsoro ne ya sa ni masifa.

Ta ramin da addar ta yi na hango Yaya. Ya baro Dogo a benci ya dawo da gudu, ya kutsa cikinsu ya tsaya a ƙofar ya ware hannuwa. Yana kiran su ɗaya bayan ɗaya, wannan shi ya karɓi haihuwarsa, wancan shi ya ɗinke masa ciki. Amma wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Wani ya ɗaga ƙafar benci ya sauke masa a hannun dama, na ji ƙarar ƙashi kamar an karya rake. Wani ya naushe shi a fuska, tabaraunsa ya tarwatse. Ya faɗi, suka bi ta kansa. Can sai na ga ya rarrafa ya fita ta tsakanin ƙafafu, ya miƙe, ya ruga ya bi hanyar lambu. Na ɗauka gudu ya yi ya bar mu. Na zage shi a raina zagin da ban taɓa yi wa kowa ba.

Na koma tagar baya don in ga ko akwai mafita, sai na gan shi ta cikin raga. Ya isa wurin akwatunan. Ya tsaya a gaban na farko kamar mai neman gafara. Sannan ya rungume shi da hannun hagu da ƙirji, karyayyen hannun yana reto, ya taho da shi da gudu ya maka shi a kan matakalar baranda. Akwatin ya dare biyu. Ya koma ya sa ƙafa ya hamɓare na biyu, da na uku, ya bi layin duka yana kifarwa, mutumin da ko murfinsu ba ya ɗagawa sai ya yi musu sallama.

Ƙarar ta fara kamar injin niƙa daga nesa, sannan ta cika duniya. Rana ta dushe. Na cusa bargo a ramin ƙofa, na toshe ƙasanta da zannuwa, duk da haka wasu suka shigo suka same ni a wuya. A waje kuwa, masu neman ashana suka koma neman ransu. Ƙarti suna ihu suna kiran iyayensu mata, suna marin fuskokinsu, suna birgima a cikin fasassun kwalabe. Masu haurawa katanga suka yanke tafin hannu, masu fita ta get suka tattake juna. Mai faci, da fetur a hannunsa da rigarsa, shi suka fi so, sai da suka rufe masa kai kamar an kifa masa baƙar tukunya. Ya yar da tayar ya fita yana karo da bango.

Mutum ɗaya ne bai motsa ba. Dogo yana zaune a benci inda aka ajiye shi, tsakiyar akwatunan da aka kifar, idonsa a buɗe ba ya ganin komai. Sun fara sauka a kansa ko korar su ba ya yi. Na ga Yaya ya fizge farar rigarsa da haƙori da hannu ɗaya, ya lulluɓa wa Dogo a kai da wuya, ya danne shi ƙasa, ya kwanta a kansa ya rufe shi da jikinsa. Shi daga shi sai singileti. Ina kallo bayan nan da Baba ya taɓa fasawa da bulala ya koma baƙi ƙirin yana motsi. Na yi ta dukan raga ina kiran sunansa, direban ya riƙe ni ta baya don kada in buɗe ƙofa.

Da motar birni ta iso, ba wanda ya iya shiga lambun. Tayar nan da mai faci ya kawo don wuyan direba, ita aka cinna wa wuta aka tura gaba, hayaƙinta ya kore su, sannan aka ɗauko mutum biyun. Dogo harbi kaɗan ya samu. Yaya kuwa ban gane shi ba. Fuskarsa ta kumbura ta shafe idanu da hanci, leɓɓansa kamar za su fashe. Na sa bayan reza ina kankare ƙarin da suka bari a fatarsa, ina tarawa a faranti har na daina dubawa.

A haka, ba ya gani, yake ba da umarni. Ya ce a jera waɗanda aka harba a baranda, a fara da duk wanda numfashinsa ke sarƙewa, ya faɗa mini allurar da zan yi musu. Su ɗin da suka karya shi! Na ce wallahi ba zan taɓa su ba. Ya ce, "Auta, ni na harbe su. Majinyatana ne." Sannan ya ce kafin a tafi da direba in ɗinke masa kunne, ai na sha ganin yadda yake yi. Na ɗinke, ya fito a karkace. Aka fita da shi ta cikin mutanen da ɗazu ke neman ƙone shi, yanzu kowa na zaune ya riƙe kumburarriyar fuskarsa, ba wanda ya ko ɗaga kai.

Da aka natsa, ya kira ni kusa ya ce, "Sun mutu da yawa ko?"

Na ce ba wanda ya mutu sai yarinyar.

Ya ce, "Zuman nake nufi." Sai hawaye suka fara tsattsafowa ta tsagar kumburin. "Ba su yi mini komai ba, Auta. Ni na rushe musu gida na aike su su mutu." Na so in rufe shi da faɗa, sai kuka ya riga ni.

An kai shi babban asibitin birni. Fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, daga baya ya ɗauke. Suka ce dafin ya yi yawa, ƙoda ta tsaya, zuciyar ma ta gaji. Ya fi su sanin abin da hakan ke nufi. Ya ce a mayar da shi gida, shi ba zai cika a inda ake kiran mutum da lambar gado ba. Muka dawo da shi muka kwantar a gadon da ke bakin tagar lambu. 'Yan garin suka yi ta zuwa dubiya da sauran kumburi a fuska, ina korar su da tsintsiya. Mai faci ya zo ya durƙusa a baranda yana kuka, na ce masa ya je ya yi wa mujiya. Dogo kaɗai na bari. Tun da ya binne 'yarsa kullum sai ya zo ya zauna a gefen gadon, yana tsoma auduga a ruwa yana jiƙa wa Yaya leɓe.

Direban ya rayu. An bincika an ga birki ne, aka sake shi, amma bai ƙara riƙe sitiyari ba. Yana zuwa gaishe ni da 'ya'yansa, da karkataccen kunnen da na ɗinka masa. Na daɗe ba na amsa gaisuwarsa, don in na dube shi farashinsa nake gani, kuma har yau ban ce cinikin ya yi mini daɗi ba. Garin ma ba zan ce ya shiryu ba. An yi duka bayan nan, an fasa kawuna, amma taya dai ba a ƙara ɗaukowa ba. Wata matashiyar likita ce ke riƙe da asibitin yanzu, ban koya mata komai ba, a bakin mutane ta ji, ita ma lambu take jan su. Zuma kuma sun dawo cikin akwati ɗaya da na gyara, ni da na tsane su ni ke ba su ruwa da rani.

Ranar Yaya ta ƙarshe da hantsi ne. Na bar Dogo a wurinsa na zagaya in kwashe shanya. Da na dawo da zannuwa a kafaɗa, sai na tarar da Dogo a tsaye a baranda, hannuwansa a jiƙe, ya wanke su. Ya miƙo waɗannan manyan yatsu nasa na mahauci ya kama gefen mayafina, ya juya ya nufi siririyar hanya.

Na ce, "Sake ni, Dogo. Na sani."

Bai sake ba. Muka bi gefen ginin, muka ratsa ta cikin fasassun akwatuna, matattun ƙudan zuma suna ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmanmu. Ya zaunar da ni a bencin, ya zauna a ɗaya ƙarshen. Ya jira har numfashina ya daidaita, sannan ya faɗa mini.

Na daɗe a wurin. Inuwar mangwaro ta bar mu, rana ta dawo kanmu, ana ta kiransa daga kasuwa. Dogo bai tashi ba sai da na tashi.